Lambun gefen gida mai ƙasar laka: tambayoyi da amsoshi kan yadda za a fitar da ruwa

Ɗan filin nan da ke tsakanin jikin ɗaki da katanga, wanda faɗinsa bai cika wuce mita biyu ko uku ba, shi ne inda magidanta da yawa ke kafa lambu: 'yan gindin tumatir, alayyafo, zogale, gwanda ɗaya ko biyu. A nan ne kuma ruwan rufi ke sauka, rana ba ta daɗewa, iska ba ta ratsawa sosai. Idan ƙasar wurin laka ce, watan Agusta na kamawa sai lambun ya koma kududdufi. Ga tambayoyin da aka fi yi a kan wannan matsala.

Ta yaya zan tabbatar ƙasata laka ce?

Haƙa kamar zurfin taƙi ɗaya, ka ɗebi ƙasa cikin tafin hannu, ka yayyafa mata ruwa ka cuɗa. Sai ka matse ta tsakanin babban yatsa da manuni tana fitowa fale-fale. Idan ta kai tsawon santimita 5 ba ta karye ba, tana sheƙi tana manne wa yatsa, laka ce. Idan tana ƙaras-ƙaras tana wargajewa, yashi ya fi yawa a cikinta, matsalarka a wani wuri take.

Wanda ke son ya gani da idonsa ya cika sulusin kwalba da ƙasa, ya ƙara ruwa, ya girgiza sosai ya ajiye. Yashi zai kwanta cikin minti ɗaya, ƙasa mai laushi cikin awa biyu, laka kuwa sai ta kwana ɗaya ko biyu ruwan na nan da gurɓi.

Amma kada a ɗora wa laka laifin da ba nata ba. Gefen gida shi ne wurin da magina suka kwaɓa siminti, suka jibge bulo, baro ya yi ta zirga-zirga wata da watanni. Sau da yawa idan aka sa diga, santimita 10 kacal za a tarar da busasshen kwaɓin siminti shimfiɗe kamar faranti, ko ledoji da buhunan siminti a binne. Fasa wannan farantin a kwashe shi kaɗai yakan rage rabin matsalar.

Me ya sa take riƙe ruwa, alhali da rani har tsattsagewa take yi?

Ƙwayoyin laka ƙanana ne ƙwarai, kuma kafofin da ke tsakaninsu matsattsu ne. Da rani takan bushe ta tsuke, shi ya sa take dararrewa. Ruwan farko yakan bi tsagar ya shige, mai lambu ya ɗauka lafiya lau. Da ta sha ta ƙoshi sai ta kumbura, tsagar ta rufe ruf, daga nan ruwa ba ya shiga sai kaɗan-kaɗan. Mafi tsananin irin wannan ita ce baƙar ƙasar firki ta yankin Tafkin Chadi a Borno, wadda ake dasa dawar masakwa a cikinta bayan ruwa ya janye, don tana riƙe danshi har cikin rani. Abin da ya zama alheri ga manomin masakwa shi ne ke kashe tumatir a gefen ɗaki: saiwa na buƙatar iska kamar yadda take buƙatar ruwa, idan kafofin ƙasa suka cika da ruwa kwana biyu zuwa uku sai ta fara ruɓewa. Shi ya sa za ka ga shuka tsaye cikin ruwa amma ganyenta ya yi yaushi kamar mai jin ƙishirwa.

Daga ina ya kamata in fara?

Daga kallo, ba daga haƙa ba. Ranar da ake ruwa kamar da bakin ƙwarya, ɗauki lema ka fita ka tsaya. Ina ruwan ke sauka daga rufi? Ina ya nufa? Akwai wanda ke shigowa ta wuriyar maƙwabci ko daga tsakar gida? Ka kafa 'yan turaku a bakin inda ya taru, ka dawo bayan awa shida, sannan washegari. Abin da ka gani a wannan rana ya fi duk wani zane da za a yi maka da rani.

Abu na biyu, ka bambance ruwan sama da ruwan da ke tasowa daga ƙasa. Haƙa rami mai zurfin santimita 70 zuwa 90, ka rufe bakinsa da tsohon kwano. Idan ba a yi ruwa ba amma ka tarar ya tsattsafo ya taru, to ruwan ƙarƙashin ƙasa ne ya taso, abin da ya zama ruwan dare a gidajen da aka gina cikin tsohuwar fadama ko kududdufin da aka cike. Idan kuma wurin na jiƙe har cikin watan Maris, ka shinshina. Wari na nufin sokawe ke yoyo. In babu wari, a duba bututun famfo. Babu magudanar da za ta gyara fasasshen bututu.

Yaya ake gwajin shan ruwa?

Rami mai faɗin santimita 30 da zurfin 30 zuwa 45. Ka karce gefensa da wuƙa ko ƙusa, don bakin shebur yana shafe laka ya toshe kafofinta. Cika shi da ruwa ka bar shi ya kwana. Washegari ka sake cikawa, ka gicciya sanda a bakinsa, kana auna yadda ruwan ke sauka duk awa. Cikawar farko ba a lissafa ta, busasshiyar laka ce ke kashe ƙishirwa.

Idan yana sauka santimita 3 zuwa 7 a awa, ƙasar ba ta da laifi, taki da gyaran gangara sun isa. Ƙasa da santimita 2.5 a awa, shan ruwanta ya yi rauni. Idan ka dawo bayan kwana ɗaya ka tarar da rabin ruwan, ka cire rai da duk wata dabara da ta dogara ga ƙasa ta shanye ruwa. Sai dai a kai shi waje. A yi ramuka biyu ko uku, don ƙasar gefen gida ba ta zama iri ɗaya daga wannan kusurwa zuwa waccan.

Wai ruwan rufi kaɗai zai iya jawo duk wannan?

Yi lissafi ka gani. Milimita ɗaya na ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ne. A ce ɓangaren rufin da ke zubowa gefen lambun murabba'in mita 60 ne, aka yi ruwa na milimita 30, wanda ba wani abin mamaki ba ne a daren Agusta. Lita 1,800 ke nan, duro tara mai cin lita 200, a kan ɗan filin da bai fi murabba'in mita 20 ba. Ruwan da ya sauka kai tsaye a kan filin lita 600 ne kawai. Wato kashi uku cikin huɗu na ruwan da ke damunka daga kan kwano ya zo. A Zariya, inda ake samun kusan milimita 1,000 a shekara, wannan ɓangaren rufin kaɗai yana zubo lita 60,000 a damina guda.

Don haka a mafi yawan gidaje aikin farko, kuma mafi arha, shi ne a tare ruwan tun a bakin kwano. A kafa kwatar rufi ta roba ko ta kwano, a karkata ta kamar santimita ɗaya a kowace mita biyu zuwa inda bututun saukowa yake, a sa bututu mai inci 3 ko 4. Daga nan ya bi rufaffen bututu marar huji har waje. Bututu mai inci 4 da aka ba gangara mai kyau ya isa ya ɗauki ruwan rufin gida matsakaici. Gidan soro mai indararo kuma a kafa masa mazurari da bututu a ƙarƙashin kowane indararo, maimakon a bar ruwan na dukan ƙasa yana haƙa rami a gindin bango.

Tanki abu ne mai kyau, ruwan sama ya fi na rijiya daɗi ga shuka. Sai dai tanki mai lita 1,000 zai cika tun ruwan bai yi nisa ba. Dole a yi masa bututun ambaliya mai girman na shiga, a kai shi inda ya dace, in ba haka ba an dai matsar da kududdufin ne zuwa gindin tanki. A ɗaure raga a bakinsa saboda sauro.

Wace irin gangara ake so, kuma yaya zan auna ba ni da na'ura?

Daga jikin ɗaki ƙasa ta riƙa sauka kamar santimita 5 a kowace mita, na mita biyu zuwa uku na farko idan filin ya kai. Tare da tsawon filin, zuwa mafita, santimita 1 zuwa 2 a kowace mita ya wadatar.

Ba sai da na'ura ba. Siririn tiyo mai haske irin wanda birkiloli ke amfani da shi ya isa. A cika shi da ruwa, a tabbatar babu kumfar iska a ciki, mutum biyu su riƙe bakunansa a jikin turaku biyu. Inda ruwan ya tsaya a wannan baki daidai yake da inda ya tsaya a wancan. A yi alama, a ɗaura igiya tsakanin alamomin, duk awon zurfi daga igiyar ake ɗaukarsa. Kada a yarda da lebura ya ce ido ya ba shi. Bambancin santimita 10 a cikin mita 10 ido ba ya kama shi, ruwa kuwa yana kamawa.

Ina zan kai ruwan?

Wannan ita ce tambayar da ya kamata a amsa kafin a sayi ko tsakuwa ɗaya. Magudana ba ta cinye ruwa, hanya kawai take ba shi. Mafitar da aka saba ita ce kwatar bakin titi ta wuriyar katanga, ko wani ɓangaren gida da ya fi gangare kuma ƙasarsa na shan ruwa. Ka auna da tiyo: bakin bututunka ya fito aƙalla santimita 10 zuwa 15 sama da inda ruwan kwata ke kaiwa idan ta cika, ba sama da ƙasan kwatar ba. Alamar datti da ruwa ya bari a jikin kwata za ta nuna maka matakin. Daga wannan maki ake lissafi a koma baya zuwa cikin lambu. Mafita ce ke yanke zurfin rami, ba son ran mai gida ba.

Idan aikin zai kai ga fasa kwatar gwamnati ko yanka titi, a nemi izinin hukumar tsara birane ta jihar, irin su KNUPDA a Kano ko KASUPDA a Kaduna.

Buɗaɗɗiyar kwata ko binnanniya?

A ƙasar laka, yawancin ruwan a sama yake gudu, don haka buɗaɗɗiya ta fi saurin kwashe shi, ta fi arha, kuma idan ta toshe kana gani. Ƙaramar kwata ta kankare mai faɗin santimita 20 zuwa 25 da zurfin 15, a bi gindin katanga da ita zuwa wuriya, takan magance matsalar gidaje da dama. Wanda ba ya son siminti ya yi kwari mai faɗi marar zurfi, kamar mita ɗaya a faɗi da santimita 15 a tsakiya, ya dasa ciyawa a ciki ko jema a gefe don kada ruwa ya zaizaye shi.

Binnanniya tana da amfani ne idan ƙasar kanta ke zama caɓa-caɓa kwanaki bayan ruwan saman ya tafi, ko filin ya yi ƙanƙanta har babu wurin buɗaɗɗiya.

To yaya ake yin binnanniyar, ramin tsakuwa mai bututu?

Injiniyoyi na kiranta French drain, da sunan Henry French, wani Ba'amurke da ya yi rubutu a kan magudanan gona a 1859. Ba ruwanta da ƙasar Faransa kamar yadda wasu ke zato. Aikinta shi ne ta zama hanya mafi sauƙi ga ruwan da ke cikin ƙasa.

A fara haƙa daga mafita ana tahowa sama, don idan ruwa ya same ku a tsakiyar aiki ya samu wurin fita. Faɗi santimita 30, zurfi 45 zuwa 60, nesa da tushen gini da aƙalla mita ɗaya. Ramin da ya matsa jikin fandisho kuma ya zarce shi zurfi yana iya sa gini ya zauna. Ƙasan ramin ya riƙa sauka santimita ɗaya a kowace mita ba tare da kwari ko tudu ba. Kafin a ci gaba a juye bokiti biyu na ruwa a sama a bi shi da ido. Inda ya tsaya a gyara.

Sai a shimfiɗa ƙyallen tacewa, wanda masu kayan gini ke kira jiyotekstil, irin marar saƙa mai kama da bargo, a bar gefensa ya zarto waje. A zuba tsakuwa santimita 5 zuwa 8. Tsakuwar ta zama mai girman inci uku bisa huɗu, a wanke ta. Wadda aka kawo da garin dutse a ciki, ko burji mai jar ƙasa, da kanta za ta toshe aikin.

Bututu na roba mai inci 4. Idan ba a samu mai huji ba a huda shi da kansa: layi biyu, huji mai faɗin milimita 8 zuwa 10, tazarar santimita 10 zuwa 15. A kwantar da shi hujin na kallon ƙasa, ɗaya ta dama ɗaya ta hagu, tsakiyar cikinsa ba huji don ruwa ya samu wurin gudu. Mutane da yawa na juya hujin sama, suna ganin ruwa daga sama yake zuwa. A cikin ramin kuwa ruwa daga ƙasa yake tasowa, yana cika kamar yadda rijiya ke cika. Idan hujin na sama, sai ramin ya cika har ya shanye bututun kafin ɗigo ɗaya ya shiga.

A can saman, a sa gwiwa a ɗago bututun tsaye har ya leƙo saman ƙasa, a rufe shi da murfi. Ta nan za a riƙa zura tiyo ana wankewa. A ci gaba da zuba tsakuwa har saura santimita 10 zuwa 15 a cika, a naɗe ƙyallen a kai gefe ya hau gefe. Abin da za a rufe saman da shi yashin kogi mai gwari-gwari ne ko ƙarin tsakuwa. Kada a mayar da lakar da aka haƙo. Wannan daidai yake da a gina rijiya a shafe bakinta da siminti. A bakin mafita a ɗaura ragar ƙarfe saboda ɓeraye, kwaɗi da macizai.

Abu ɗaya da ya kamata a sani tun farko: a laka mai nauyi, ramin ba ya jawo ruwa daga nesa. Mita ɗaya zuwa biyu a kowane gefe shi ne iyakar abin da za a sa rai. Ga siririn gefen gida wannan ya isa, shi ya sa dabarar ta dace da shi. Fili mai faɗi kuwa sai an yi masa rassa.

Kaya nawa zan tanada na mita 10?

Rami mai faɗin santimita 30 da tsakuwa mai kaurin 40 zai ci kusan kubik mita 1.2 (lita 1,200), wato baro 20 idan baron na cin lita 60. Yashin rufe sama baro biyar zuwa shida. Bututu mita 10 mai huji, da ƙarin marar huji daga ƙarshen lambu zuwa mafita, gwiwa biyu, murfi ɗaya, gam. Ƙyalle mai faɗin mita ɗaya da rabi zuwa biyu, tsawon mita 11. Lakar da za ta fito za ta kai baro 30, don ƙasa na kumbura idan an haƙe ta. A shirya inda za a kai ta tun kafin a fara, kada a jibge ta jikin bango.

Idan ban samu ƙyallen tacewa ba fa?

A yi matattakala da yashi: yashin kogi mai gwari santimita 5 a ƙasa da gefe, sai ƙananan tsakuwa, sai manya a zagaye da bututu. Ragar inuwa ta masu rainon shuka tana hana yashi gangarawa cikin tsakuwa, ko da yake ba ta tare laka. Leda da buhun siminti haramun ne a wannan aiki, ruwa ba ya ratsa su. Ko da an samu ƙyallen, tsakuwar ake naɗewa gaba ɗaya, ba bututun kaɗai ba. Wanda aka naɗa a jikin bututu laka na liƙe shi cikin damina ɗaya ko biyu.

An yi mini duk wannan amma ruwan na nan. Me ya faru?

Je ka bakin mafita lokacin da ake ruwa. Idan babu abin da ke fitowa, zura tiyo ta bututun wankewa. Ruwan ya fito? To bututun lafiya yake, ruwa ne ba ya isa gare shi, kuma kusan kullum dalilin shi ne an rufe saman da laka ko tsakuwar ta cika da gari. Bai fito ba? Akwai kwari a tsakiya inda laka ta kwanta, ko bututu marar kauri ya lotse da aka taka shi, ko saiwa ta shiga. Darbejiya, turare da mangwaro suna bin danshi har cikin huji. Inda bututu zai wuce kusa da itace a yi amfani da marar huji. Idan kuma bakin mafitar na nutse cikin ruwan kwata, to ruwan titi ne ke shigo maka gida ta hanyar da ka gina masa da kuɗinka.

Wani kuskuren shi ne haɗa ruwan rufi cikin bututu mai huji. Ruwan zai fita ta hujin ya jiƙa ƙasar da ake son busarwa, ya kawo ganye da ƙurar hunturu su toshe. Kowanne da bututunsa, ko da a rami ɗaya suke kwance.

Ba zan iya haƙa rami in cika da duwatsu ruwa ya riƙa shiga ba?

A jigawa, ƙwarai. A laka, tukunya ka gina. Ramin da aka cika da duwatsu kusan sulusinsa ne kawai ke ɗaukar ruwa, don haka mai faɗi, tsawo da zurfin mita ɗaya-ɗaya bai wuce ya ci lita 300 zuwa 350 ba. Ka tuna da lita 1,800 ɗin can. Zai cika a ruwan farko, na biyu ya tarar da shi cike.

Yana aiki ne kawai idan lakar ba ta da kauri, aka huda ta aka tarar da yashi ko marmara mai shan ruwa a ƙasa. Masu haƙa rijiya na unguwa sun fi kowa sanin abin da ke ƙarƙashin ƙasar wurin, a tambaye su. Idan za a yi, ya yi nesa da gini da aƙalla mita 5, kada kuma ya kusanci rijiyar sha. Sokawen bayan gida kuwa kada a kuskura a juya masa ruwan sama. Zai tumbatsa ya dawo da ƙazanta tsakar gida.

Titi ya fi gidana tudu, babu inda ruwa zai gangara. Sai yaya?

Wannan ya yi yawa a tsofaffin unguwanni, inda ake ta ɗora kwalta da ciko har gidaje suka koma rami. Hanya biyu ce. Ko a tara ruwan a rijiyar kankare mai murfi, zurfin kamar mita ɗaya, a sa injin tsotso mai nutsewa da ke tashi da kansa idan ruwa ya taso, da bawul mai hana ruwa komowa. Raunin wannan a bayyane yake: lokacin hadari ne aka fi ɗauke wuta, sai an tanadi janareta ko batir. Ko kuma a bar ƙasa da halinta a ɗaga shukar sama. Cike filin gaba ɗaya da ciko yana da haɗari. Idan ƙasar waje ta kusa kai matakin daɓen ɗaki, danshi zai hau bango, fenti ya riƙa ɓarewa, farin gishiri ya fito. A bar aƙalla santimita 15 tsakanin ƙasa da matakin daɓe.

In zuba tifar yashi in gauraya, ba zai saki ba?

Ba zai saki ba. Sai yashi ya kai rabin cakuɗar ko fiye kafin halin ƙasar ya canza, kuma wannan ba ƙaramin yashi ba ne. Kaɗan ɗin da aka saba zubawa laka ce ke cike tsakaninsa, idan ta bushe ta yi tauri kamar tubali.

Abin da ke sassauta laka shi ne ruɓaɓɓen abu: takin shanu ko na tumaki da ya shekara, ruɓaɓɓen ganye, ɓuntun shinkafa, ɓawon gyaɗa. A shimfiɗa kaurin santimita 5 zuwa 8, a juya shi cikin santimita 20 na sama, a maimaita duk shekara, don zafin ƙasarmu na cinye taki da sauri. Sai an yi damina biyu ko uku ake ganin bambanci sosai. Alamarsa ita ce bayyanar tana. Ɗanyen garin katako na janye sinadarin da ke sa ganye kore, a bar shi ya ruɓe tukuna, kuma kada a tara shi jikin gini saboda gara. Toka kaɗan-kaɗan. Ruwan wanki mai omo kuwa a daina zubawa a lambu, gishirin da ke cikinsa na narkar da laka ta ƙara toshewa.

Jifsom, wani farin garin ma'adini da ake zuba wa ƙasa, yana taimakon lakar da ke da irin wannan gishiri ne kawai. Jefa ɗan busasshen ɓarɓashin ƙasa cikin kofin ruwan sama, kada ka motsa. Idan bayan 'yan awoyi wani hazo fari-fari ya kewaye shi, a gwada rabin kilo zuwa kilo ɗaya a kowane murabba'in mita. Idan ruwan ya zauna garau, ajiye kuɗinka.

Yaya ake ɗaga shukar sama?

Manomanmu sun daɗe da sanin amsar: kunya. Ta gida dai ana yi mata bango ne don kada ta zube. Tsayin santimita 30 ya ishi yawancin kayan miya, layin bulo biyu kuma yana ba da 45, wanda ya fi dacewa da inda ruwa ke kwanciya. Faɗi kada ya wuce mita ɗaya da ɗan kai, don hannu ya kai tsakiya ba sai an taka ba. Taka jiƙaƙƙiyar laka shi ne ke mayar da aiki baya. Fage mai tsawon mita 3 da faɗin mita ɗaya na cin bulo kusan 18 a kowane layi, da ƙasa baro 15 idan tsayin 30 ne.

Kafin a cika a sassare lakar ƙasan da diga zurfin santimita 15, a gauraya ta da kaɗan daga sabuwar ƙasar don kada a samu iyaka mai kaifi inda ruwa zai tsaya. Cakuɗar: ƙasar jigawa kashi biyu, ruɓaɓɓen taki ɗaya, ɓuntun shinkafa ɗaya. A layin bulo na ƙasa a bar tsaga ba siminti bayan kowane bulo biyu. Kada a yi masa daɓe, kada a shimfiɗa tsakuwa a gindi da sunan tacewa. Kada kuma a jingina shi da bangon ɗaki. A bar rata ta santimita 50 zuwa 60.

Itacen 'ya'ya ma haka. Rami mai zurfi a laka da aka cika da ƙasa mai laushi baho ne. A yi tudu mai tsayin santimita 30 zuwa 40 da faɗin mita ɗaya da rabi, a dasa a kansa.

Waɗanne shuke-shuke ke jurewa?

Gwaza, rake da jema ba su damu da danshi ba. Ayaba na son ruwa amma ba ta son ya kwanta mata kwanaki. Gwaiba na da haƙuri. Gwanda ce mafi raki, kwana ɗaya ko biyu cikin ruwa na iya kashe ta. Zogale, lemo, tumatir, tattasai, attaruhu, albasa da karas duk a kan tudu za a sa su. Kada a dasa turare a gefen ɗaki wai don ya shanye ruwa: da rani zai tsotse lakar da ke ƙarƙashin fandisho ta tsuke, da damina ta kumbura, bango ya tsage.

Wane lokaci ya fi dacewa da aikin?

A lura a Agusta, a haƙa da kaka, wajen Oktoba zuwa Nuwamba, lokacin da ƙasa ke da sauran danshi amma ba ta manne wa shebur. Ɗauki dunƙule ka matse: idan ya farfashe da ka danna shi, lokaci ya yi. A Maris da Afrilu laka ta zama dutse, lebura zai caje ka ninki. Idan dole sai lokacin, a jiƙa layin ramin da yamma a haƙa da safe. Kwatar rufi kuwa a kafa ta kafin ruwan farko.

Zan iya huda katanga in saki ruwan ta bayan gida?

Idan bayan gidan lungu ne mai kwata, babu laifi. Idan filin wani ne ko jikin bangonsa, musamman ginin ƙasa, a'a. Ruwan da aka tara aka saki ta baki ɗaya ya fi wanda ya bazu ɓarna, kuma kowace damina ana rasa gidajen ƙasa ta wannan hanya. A zauna da maƙwabci tun kafin a fara, in ta kama a sa mai unguwa a ciki. Sau da yawa bututu ɗaya na haɗin gwiwa zuwa babbar kwata ya fi wa kowa arha.

Wace kulawa ake yi bayan an gama?

A watan Mayu a share kwatar rufi daga ƙura da ganye, a zura tiyo ta bututun wankewa har ruwan ya fito garau, a duba ragar bakin mafita. Bayan kowane babban ruwa a cire leda da shara daga wuriya. Duk inda ruwa ya wuce kwana biyu a tsaye a gyara gangararsa, don sauro na iya ƙyanƙyashewa ya tashi cikin mako ɗaya zuwa kwana goma. Saman ramin zai ɗan zauna a daminar farko. A ƙara masa yashi mai gwari ko tsakuwa har ya daidaita.